Yarinyar da Ke Kallon Baki

Leɓen Talatu na motsi duk lokacin da malami ke magana, yana bin nasa a baya kaɗan. Sumayya ta lura da haka tun makonta na biyu a firamaren da aka turo ta koyarwar gwaji, a wani ƙauye bayan Ɗanzomo. Ta kuma lura da zarar ta juya ga allo, leɓen yarinyar sai ya tsaya.

Malam Cindo, mai ajin, fassararsa daban.

"Tsaurin ido ne," in ji shi. "Yarinya ta kafe babba da ido kamar sa'anta, ka kira ta kuma ta yi banza da kai. Na rubuta wa ubanta takarda ya zo ya ɗauke ta. Yau za ta tafi da ita."

Takardar na aljihun gaban rigarsa, a ninke. Ranar ce kuma Malama Juliana ta zo daga Gumel duba koyarwar Sumayya. Ita ce ta koya musu darasin yara masu buƙata ta musamman, darasin da Sumayya ta cinye a jarrabawa ba tare da ta taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Malama Juliana na zama a bencin baya, Malam Cindo ya taɓa kafaɗar Talatu da bulala, ya nuna mata tsintsiya da ƙofa.

"Je ki share gindin darbejiya. Kada ki ba mu kunya gaban baƙuwa."

Sumayya ta ajiye allin da ke hannunta. Ba ta taɓa musa wa babba ba, balle mutumin da ya girmi mahaifinta.

"Malam, don Allah a bar ta."

"Me kika ce, 'yata? Ɗaga murya."

"A bar min ita. Ina ganin ba ta ji sosai ne. Baki take karantawa."

Malama Juliana ta buɗe biro.

"Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli," in ji Malam Cindo, yana murmushin da ba na daɗi ba. "Ke wata biyu. To, bismilla, likita."

Sumayya ta zaunar da yarinyar a bencin gaba. Ta ja hijabinta ƙasa daga haɓa, ta durƙusa inda hasken taga ke faɗa wa fuskarta.

"Shida sau huɗu?"

"Ashirin da huɗu," in ji Talatu, da murya mai kauri.

"Kin koya mata tun jiya," in ji Malam Cindo. "Matsa."

Ya tsaya a gabanta. Talatu ta ga bulalar, nan take ta sunkuyar da kai, kamar yadda ya sha koya mata.

"Bakwai sau uku?"

Talatu ba ta ɗago kai ba.

"Ke! Bakwai sau uku?"

Idonta na kan silifas ɗinta. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya. Malam Cindo ya kai hannu aljihu, ya zaro takardar.

"Kin gani?"

"Malam," in ji Sumayya, "kai ka hana ta kallonka. Sai ka ce ta kalle ka."

Malam Cindo ya dubi Talatu. Sannan ya mayar da bulalar bayansa, ya ranƙwafa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kaɗa takardar a gaban yarinyar, ya nuna bakinsa da yatsa. Talatu ta dubi Sumayya tukuna. Sumayya ta gyaɗa mata kai.

"Bakwai sau uku?"

"Ashirin da ɗaya."

"Tara sau takwas?"

Leɓenta ya bi nasa. "Saba'in da biyu, Malam."

"Yaushe kunnen ya fara?" Wannan karon a hankali ya yi tambayar.

"Tun sanƙarau. Ina aji ɗaya."

Yanzu tana aji huɗu, kuma duk shekarun nan a hannunsa ta yi su.

Malama Juliana ta dubi agogo. "Malama Sumayya, saura miki minti ashirin. Ci gaba da darasinki, kuma kada ki yi wa allo magana."

Sumayya ta fuskanci ajin. Ta gefen ido ta ga Malam Cindo ya yaga takardar biyu, ya ajiye a kan tebur, ya danne ta da bulalar. Ya gyara hularsa, ya bi ta gefen bango ya fita.