Sunan Mutum Ɗaya a Motar Mutum Biyu

Duk tashar manyan motoci ta Lafiya babu wanda bai san shuɗiyar gingimarin nan ta mutum biyu ce ba, Salmanu da Iorkyaa. Sun yi shekaru suna tuƙa wa wani attajiri a hanyar Makurɗi, kwano ɗaya suke ci, har suka gaji da bautar motar wani. Salmanu ya kwaso abin da ya tara, Iorkyaa ya sayar da gonar lemon da ya gada, suka sayo tasu ta hannu. Abin da 'yan tasha ba su sani ba, shi ma Iorkyaa bai sani ba, shi ne a takarda motar ta Salmanu ce shi kaɗai.

Ga yadda aka yi. Makon da za a yi rajista, Iorkyaa ya tafi Gboko jana'izar kawunsa, ya ce wa Salmanu ya je ya gama komai. Salmanu ya sami wani ejan, dillalin takardu mai bakin zuma, ejan ya zayyana masa: in kamfani suke so, sai lauya, sai haraji duk shekara, in sana'ar haɗin gwiwa ce, sai sun zo su biyu, kowa da katinsa da hotonsa, amma in sunan mutum ɗaya ne, kafin la'asar an gama, ga shi da araha. Daga nan ya wuce ofishin inshora, aka faɗa masa kuɗin cikakkiyar inshorar babbar mota, sai da ya nemi kujera. Ya ce a ransa to, ya yi rajistar mai arahar, rarar ya cika inshora, in Iorkyaa ya dawo a ƙara sunansa.

Wannan ita ce hujjar da yake ba kansa. Amma a faɗi gaskiya, ranar da ya ga sunansa shi kaɗai a saman takarda mai tambari, daɗi ya ji har cikin ƙashinsa, sai da ya tsaya a bakin titi ya sake karantawa. Iorkyaa ya dawo ya tambaya, “An gama?” Ya ce an gama. Damina ta shigo, kaka ta wuce, wata daminar ta zagayo, kullum gobe, ba a ƙara sunan kowa ba.

Sai ga ranar da Iorkyaa ya ɗauko doya daga Adogi. Ruwa ya cinye gefen hanya ta ƙasa, taya ta hau, ƙasa ta zabtare, mota ta kwanta a gefenta. Kan motar ya lotse, Iorkyaa ya fito da karaya a ƙafa.

Ma'aikacin inshora, wani siririn mutum mai suna Luqman, ya je ya duba motar, sannan ya ja Salmanu gefe.

“Malam Salmanu, takardarka ta ce kai kaɗai ne mai mota. A tasha kuma na ji ana cewa ku biyu ne. In haka ne, ka ɓoye mana mai mota ke nan, ofis ba zai biya ko sisi ba. In kuwa direbanka ne ka ba shi mabuɗi, magana ta ƙare. Gobe zan je in ji daga bakinsa.”

Salmanu ya ce to. Me zai ce? In ba a biya ba, babu mai ta da motar nan, ita da gonar lemon sun tafi ke nan. In za a biya, sai Iorkyaa ya buɗe baki ya ce shi ba kowa ba ne a motar da ya sayar da gadonsa ya saya.

Washegari da hantsi Salmanu ya riga Luqman isa Azuba, inda Iorkyaa yake zaune. Ya tarar da Iorkyaa a tsakar gida kan doguwar kujera, ƙafar cikin filasta an ɗora ta a kan turmi. Matarsa Seember ta tare shi da fara'a, ta dire masa sakwara da miya tun bai zauna ba.

“Baban Aminat, Allah ya saka,” in ji ta. “Maƙwabta suna ta cewa mun shiga uku, na ce musu a'a, abokin mijina mai hankali ne, babban inshora ya yi musu. Ci mana.”

Ya ɗebi loma ɗaya, ya tsame hannu. Kunya ta rufe shi har yana jin zafi a kunnuwansa. Da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Da ta koma kicin, ya matso da kujerarsa, ya fara kame-kame: tsadar lauya, halin ejan, yadda gwamnati ke wahalar da talaka. Iorkyaa ya bar shi ya yi ta zagaye, sannan ya ce, “Ɗan'uwa, faɗi maganan.”

Ya faɗa, idonsa a kan turmi. Ya faɗi abin da Luqman zai tambaya, da amsar da za ta sa a biya.

Iorkyaa ya gyara zama. Can ya tambaya, “Tun lokacin mutuwan kawu?”

“Tun lokacin.”

“Na tambaye ka fa.”

“Ka tambaya.”

“Kuɗi ne bai kai ba?”

Nan ne ƙofar tsira, a buɗe take, kuma rabinta gaskiya ce. Salmanu ya buɗe baki zai ce e, ya kasa. Ya kasa cewa a'a ma. Iorkyaa ya dubi fuskarsa, ya gyaɗa kai, ya kau da ido.

Ana haka aka yi sallama, Luqman ya shigo da jakarsa. Seember ta kawo masa ruwa, ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da mijinta, tana murna yau za a gama magana. Salmanu ya so a ce ta tashi, amma a gidan mutum wa zai kori matarsa?

Luqman ya yi jaje, ya tambayi yadda hatsarin ya faru, ya duba lasin. Sannan ya ce, “Mene ne tsakaninka da Malam Salmanu a kan motar nan?”

Salmanu ya sunkuyar da kai. Wani ɓangare na zuciyarsa yana roƙon Iorkyaa ya tona shi, a yi ta ta ƙare. Ɗaya ɓangaren kuma, marar kunyar, yana lissafin sabon kan mota.

“Direbansa ne ni,” in ji Iorkyaa.

Seember ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta dubi mijinta, ta dubi Salmanu, dariyar ta tsaya.

“Ba ka da kaso a ciki?”

“Ba ni da.”

“Albashi yake biyan ka?”

“Duk wata. Ba ya fashi.”

Luqman ya rubuta, ya miƙa masa biro ya sa hannu. Ya ce nan ba da daɗewa ba za a kira mai mota ya zo ofis, ya yi wa Salmanu murna, ya fita. Seember ta tashi, ta ɗauke kwanon sakwarar daga gaban Salmanu a hankali, ta shige ciki.

“Iorkyaa, wallahi gobe-goben nan zan je a sa sunanka,” in ji Salmanu. “Ko nawa ne. Kamfani ma za mu yi, da lauya da komai.”

Iorkyaa ya laluba sandarsa, ya yunƙura da ƙyar. Salmanu ya miƙa hannu zai taimaka, ya ƙi kamawa. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya ɗan rusuna kamar yadda suke yi wa tsohon maigidansu in ya zo tasha.

“Sauka lafiya, Oga,” ya ce. “In ƙafa ya warke zan zo aiki, in ba ka ɗauki wani ba.”