Rubutun Malam Mamadou

A gidan Alhaji Issifou akwatin gidan waya ɗaya ne tak, amma masu karɓar wasiƙa ta cikinsa sun haura ɗari biyu. Haka al'adar Zongo take tun kafin a tashe shi daga tsakiyar Lome a watso mutane can Agoè: baƙo ya sauka gidanka, ka ba shi ɗaki, ka ba shi tabarma, ka ba shi lambar akwatinka. Ko ya yi aure ya gina nasa gidan, ba ka cewa ya daina. Mahauta, dillalan shanu, 'yan goro, matan da mazansu ke Abidjan, har wata ƙaramar ƙungiya mai nema wa samari gurbin karatu a Tarabulus ta ƙasar Libiya, duk lamba ɗaya suke rubutawa. Alhaji bai taɓa tambayar kowa abin da ke cikin ambulan ɗinsa ba.

Mabuɗin akwatin yana hannun Rabiatou, 'yar ƙanensa marigayi Malam Mamadou, domin ita ce mai shiga gari kullum. Tana koyar da aikin kwamfuta a wata makarantar sakatarori kusa da babbar kasuwa, kuma ran Talata da Juma'a takan biya gidan waya ta kwaso wasiƙun unguwa a jakarta.

Malam Mamadou marubucin wasiƙa ne. Shekara talatin yana zaune a zaure yana rubuta wa mutane gaisuwa da ta'aziyya da faɗa, da ajami, da wani rubutu mai kauri mai natsuwa wanda ko tsohuwa mai hakiya takan iya karantawa. Da ya rasu ya bar riguna uku da buta da kundin takardu. Rabiatou ta ɗauki kundin.

A shekarar 1989 wani Bature malamin makarantarsu zai koma ƙasarsu, ya bar mata faya-fayan wata manhaja ta tsara rubutu da buga shi. Wata ƙungiyar masu sa kai a Amurka ke tattara ta, kuma a shafin farko an rubuta cewa ta kowa ce: ka kwafa, ka gyara, ka ba wanda ka ga dama, sharaɗi kawai kada ka hana wani. Rabiatou ta karanta sau biyu ta yi dariya. Ta ce ashe Turawa ma suna da Zongo.

Manhajar kashi biyu ce, kashin zana haruffa da kashin fitar da su a takarda. Danshin bakin teku ya riga ya sa wa faya-fayan kashi na biyu funfuna, sun mutu murus. Na farko ne kawai ke aiki. Da shi Rabiatou ta shiga abin da abokan aikinta suka kira hauka: ta ɗauki haruffan mahaifinta ɗaya bayan ɗaya, ta auna su a takardar lissafi mai gida-gida, ta mayar da kowace lanƙwasa lambobi, ta shigar a na'ura. Wata goma sha huɗu tana yi, a lokacin hutun rana, wasu na cin shinkafa da wake ita tana faɗa da lanƙwasar harafi guda. A fuskar na'ura take ganinsu, kore-kore, suna rawa. A takarda ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba.

Ba marmari ne kawai ba. Matan Zongo da yawa ba su jin Faransanci, amma sun yi makarantar allo, suna karanta ajami. Inna Kadidja, ungozomar unguwa, ta gaji da bin gida-gida tana maimaita yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa. Rabiatou ta yi mata alkawarin takarda bugaggiya, da hannun Malam, wadda za a liƙa a kowane tsakar gida. Tun ranar, duk sanda Inna Kadidja ta gaishe ta sai ta tambayi takardar.

Wanda ya rubuta mata wasiƙar Turanci zuwa ga ƙungiyar masu manhajar a Amurka shi ne Alassani. Mahaifinsa baƙo ne daga Sokodé da ya sauka gidan Alhaji da jaka ɗaya. A gidan aka haifi Alassani, a zauren Malam ya koyi karatu, kuma shi ya fara nuna wa Rabiatou inda ake kunna kwamfuta. Yaya take ce masa. Yanzu yana aiki a ofishin wata ƙungiyar agaji a unguwar Djidjolé, yana sa taye. Suka sa haruffan a faifai suka aika, tare da roƙon a turo musu sabuwar manhajar cikakkiya idan ta fito.

Amsar farko ta zo da daɗi. Sun gode, sun yi mamaki, za su sa haruffan a fitowa ta gaba, su turo mata. Alhaji Issifou ya sa aka karanta masa wasiƙar sau uku, duk da ba ya jin ko kalma, kuma ya gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa rubutun Mamadou ya tafi Amurka, Mamadoun da ko Accra bai taɓa zuwa ba.

Amsa ta biyu ta zo bayan wata biyar, siririya, babu faifai. Rabiatou ta buɗe ta a tsaye a gidan waya, ta bi ta da ƙamus a hankali. Suna baƙin ciki. Ƙasarsu ta sa wa Libiya takunkumi, kuma lauyansu ya ce ba za su iya aika komai zuwa adireshin da ke da alaƙa da ƙasar ba. An sanar da su cewa akwatin da ta ba su na wata ƙungiya ne mai hulɗa da Tarabulus, kuma ita kanta tana da ɗan'uwa a can. Suna fatan za ta fahimta. Haruffanta sun shiga, kowa na yabawa.

Ɗan'uwan kuwa Haliru ne, ƙanenta, da ya tafi karatun gyaran haƙori, wanda duk wasiƙarsa maganar yaji da daddawa ce. Wannan ne abin da babbar ƙasa take tsoro.

Ta yi fushi, amma fushin bai san inda zai sauka ba. Ba ka iya zagin lauyan da ba ka san fuskarsa ba. Sai a motar komawa Agoè, a matse tsakanin wata mai kwandon kifi da ƙofa, wata tambaya ta zo ta zauna mata a ƙirji: mutanen da ba su san inda Togo take a taswira ba, ta yaya suka san masu karɓar wasiƙa a akwatin Baba Alhaji? Ta yaya suka san sunan Haliru?

Ba ta gaya wa Alhaji ba. Ta ce wa Inna Kadidja a ƙara haƙuri. Bayan mako biyu wata ɗalibarta mai neman aiki a Djidjolé ta ba ta labarin ta ga abin mamaki a ofishin su Alassani: na'ura na fitar da rubutun malamai kamar da alƙalami. Wai yanzu Alassani ne wakilin ƙungiyar masu manhajar a Togo da Benin, duk mai so wurinsa yake zuwa.

Ta je ran Alhamis da hantsi. Alassani ya tashi ya tarbe ta da fara'ar da ta yi yawa, ya ja mata kujera, ya tambayi jikin Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi har tumakin gida. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ya nuna mata.

Ya ciro takarda daga aljihun tebur. Rabiatou ta karɓa ta duba. Hannun mahaifinta ne. Baƙi, mai kauri, a miƙe, kamar yanzu ya ɗaga alƙalami ya tafi alwala. Ta yi kewarsa a lokacin fiye da ranar da aka fitar da shi. Alassani kuwa yana ta gyara abubuwan da ke kan tebur waɗanda ba su buƙatar gyara.

Ta ce masa ta zo da faya-fayai guda takwas, sababbi, ya kwafa mata.

"Rabi, ba zai yiwu ba," ya ce. "Na sa hannu."

Ya yi bayani da sauri, yana tsallakawa Faransanci duk inda Hausa ta yi masa nauyi. Kafin su ba shi wakilci sun turo takarda: ya yi alkawarin ba zai ba duk mai alaƙa da ƙasashen da aka lissafa ba, kuma ya faɗi ko ya san wani irin wannan a cikin masu nema. Takardar sai ta bi ta hannun shugaban ofis, kwafi kuma ya tafi ma'aikatar gwamnati. Ita ma ta san zamanin da ake ciki. Tun harin da aka kai Lome shekarun baya, wanda aka ce da hannun Libiya a ciki, kalmar Libiya kaɗai ta isa a zo a ɗauki mutum, a ƙasar da jam'iyya ɗaya ce kuma kunnenta na ko'ina. Shi ma fa duk takardunsa na makaranta lambar akwatin nan ce a kansu. In bai faɗa ba, wani ya gano, me zai ce?

"To kai ne," ta ce.

"Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da yake nan na rubuta."

"Na sani, Yaya. Da ƙarya ce ai da sauƙi."

Gaskiya ne bai yi ƙarya ba, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Amma akwai masu tsoro da yawa a Lome da suka bar gurbi a takarda babu komai, suka ce ba su gane tambayar ba. Alassani ya cika gurbin har ya juya bayan takarda. Ya wanke kansa da sunan gidan da ya ci tuwo shekara ashirin da biyar.

Ta tuna masa shafin farko, inda aka ce ta kowa ce, kada a hana kowa. Ya ce wannan tsakanin masu manhaja ne, doka kuwa tana sama da su. Su ma ba da son ransu ba ne. Ya ce ta kawo abin da Inna Kadidja ke so ya duba, watakila nan gaba, idan shugabansa ya yarda, amma kada sunan Zongo ya fito a jiki. Ta miƙa hannu don ta taɓa maɓallan na'urar kawai, sai ya dubi ƙofa, ya ja su gefe kamar mai share ƙura.

Da abin ya tsaya a nan ma da ta tafi da abin da za ta iya haɗiyewa. Amma Alassani ya ɗauka ta huce. Ya sassauta murya ya ce dama akwai abin da yake so ya nema wurinta. Ya nuna ƙasan takardar, inda aka buga rubutun ƙanana. Nun ara, wato nun ta ƙarshen kalma mai ciki kamar ƙwarya, tana fitowa a karye: cikin ya rabu biyu, wutsiyar ta yi gefe. Masu amfani da haruffan a Kano da Landan sun yi ƙorafi, ƙungiyar ta rubuto masa ya gyara, ya yi mako uku ya kasa. In za ta rubuta masa gyaran a takarda, shi zai aika.

"Ba a hana ba?" ta ce.

"A'a. Karɓa daga wurinki ba laifi ba ne. A ba ki ne aka hana."

Ya faɗe shi ne da zuciya ɗaya, har da ɗan murmushin wanda ya kawo labari mai daɗi. Ya juyo mata fuskar na'urar, lambobin harafin a jere.

Ba ta so ta duba ba, amma idonta ya riga ta. A layi na shida ne. Ta sa alamar ragi a inda bai kamata ba, wata rana da yunwa ta dame ta. In an girmama rubutun ba ya nunawa. Gyaran bai kai a ɗauki numfashi biyu ba. Har bakinta ya buɗe, domin wata goma sha huɗu ta yi tana kare harafin nan daga irin wannan, kuma mahaifinta yakan yaga takarda sukutum saboda nun ɗaya da ba ta zauna ba.

"Ka ba ni faya-fayan in gyara," ta ce.

Alassani ya sunkuyar da kai. Ya ce ta yi masa rai, yana da mata da 'ya'ya biyu.

Rabiatou ta ajiye takardar a kan tebur, don ita ma ba ta tabbata an yarda ta fita da ita ba, kuma ba za ta tambaya ba. Ta ɗauki jakarta da faya-fayanta takwas da babu komai a cikinsu. Ya biyo ta har bakin ƙofa yana tambaya ko ta ga inda kuskuren yake.

Ita da ba ta taɓa hana kowa abin da ta sani ba, ta dube shi ta ce ba ta gani ba.

Ta fito cikin rana ta tsaya jiran mota. Ta san a Kano da Landan da wuraren da ba ta san sunansu ba za a ci gaba da buga hannun Malam Mamadou da karyayyar nun, shafi bayan shafi, mutane su ce tsohon bai iya rubutu ba. Ita kaɗai ce a duniya ta san layin da za a taɓa, kuma ba za ta faɗa ba. Mota ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba ta ɗaga hannu ba, tana tsaye tana kuka a bakin titin Djidjolé.