Uba da Ɗa a Layi Ɗaya

Tun da aka rufe kamfanin sabulu, Sannu-Sannu bai daina fita da safe ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don duk shekarun da ya yi yana jan motar kamfanin ba a taɓa ganin ya wuce wani a hanya ba. Yakan goge takalmi, ya sa lasisinsa a aljihun gaba, ya ce wa matarsa zai je gaida wani aboki. Ita kuma ta ce ya gaishe shi, ba ta tambayar wane ne.

Wata rana ya ji cewa wani kamfanin ruwan roba yana neman direba ɗaya. Ko da ya isa, layi ya bi jikin katanga har bakin kwata. Akwai masu kwat, akwai masu silifas. Na gabansa ya ce shi da a banki yake aiki.

"Yanzu kowa direba ne," in ji mutumin. "Ko matuƙin jirgin sama aka ce ana nema, gobe duk nan za ka gan mu."

Sannu-Sannu yana murmushin da bai kai ciki ba sai ya hango wata ƙeya da ya sani. Auta ne, ɗansa, wanda ya gama karatu ya dawo gida ya zauna, wanda da safen nan ya ce zai je gyara wa wani waya. Sannu-Sannu ya bar wurinsa ya taka har inda yake.

"Nan ne shagon gyaran wayar?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Baba, ai na ɗauka ka tafi gaida aboki."

"Ga abokan nan, sun yi layi."

Sai Auta ya ce bari ya koma gida, ba zai yi takara da ubansa ba.

"Ka koma ka yi me? Tsaya a wurinka. In ka fita ba ni za a ba ba, wancan mai kwat ɗin za a ba."

Rana ta take kafin a buɗe ƙofa. Manajar wata mace ce mai ƙaramar murya, idanunta sun yi ja kamar ita ma ba ta samun barci. Ta duba lasisi, ta sallami duk wanda nasa na ƙaramar mota ne. Waɗanda suka rage aka shigar da su fili, aka ce kowa ya yi baya da motar kaya tsakanin durom biyu. Sannu-Sannu ya shigar da ita ba tare da ya taɓa komai ba. Auta ya ɗan gogi durom ɗaya, durom ɗin ya yi rawa amma bai faɗi ba. Uban yana gefe, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu.

Mutum huɗu suka tsallake. Sai manajar ta ce akwai abin da ya kamata su sani. An sallami 'yan dako watan jiya, kasuwa ba ta tafiya. Direba shi zai loda, shi zai sauke. Ta nuna tulin ƙunshin ruwa a bakin sito, ta ce kowa ya gwada.

Sannu-Sannu ya naɗe hannun riga. Na farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka. Yana cikin yi bayansa ya riƙe, kamar an soka masa ƙusa a ƙugu. Ya tsaya rungume da kayan, bai iya ɗagawa ba, bai iya ajiyewa ba. Auta ya taho da sauri.

"Kada ka taɓa," uban ya ce ƙasa-ƙasa. "Tana kallo. Je ka yi naka."

A hankali ya sauke kayan a ƙasa, ya ja jiki ya zauna kan wata tsohuwar taya a inuwa. Daga nan ya kalli ɗansa yana loda motar, gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Auta aka ɗauka. Manajar ta zo ta tsaya kusa da tayar, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tuƙinka ya fi na kowa."

"Ba komai, 'yata. Wanda kika ɗauka ma ni na koya masa."

Ta dubi Auta, ta sake duban tsohon, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai aka kira ta daga ofis.

A bakin titi Auta ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce ai duk ɗaya ne, abin da ya shigo gida na kowa ne.

"Na sani," in ji uban. "Je ka faɗa wa uwarka da bakinka, ta daɗe ba ta ji labari mai daɗi ba. Maganar bayana kuma ka bar ta a nan."

"Ba tare za mu tafi ba?"

"An ce masu ƙanƙara na can gaba suna neman mai gadi. Tunda na riga na fito, bari in leƙa."

Auta ya tsaya yana kallonsa har ya tsallaka titi, hannu ɗaya dafe da ƙugu, yana raɓe wa motoci.