Rami Biyu

A shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. A lokacin ne Basiru, abokin yayana Khalilu, ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da labarin ana ɗibar ma'aikata zuwa arewacin Nijar.

A gidanmu namiji ba ya tafiya cin rani sai uwa ta faɗi inda zai nufa, ta sa masa albarka. Don haka su biyun suka durƙusa a gaban Inna, tana tankaɗen dusar da za mu ci.

"Rami biyu ne, Inna," in ji Basiru. "Ɗaya na kwal, baƙin dutse da ake ƙonawa a samu lantarki. Ɗaya na yuraniyom, wanda Turawa ke kaiwa ƙasarsu, su ma lantarki suke yi da shi. An ce ɗan kaɗan nasa ya fi mota guda ta kwal aiki. Can ne albashi ya fi tsoka."

"Me ya sa ya fi tsoka?"

"An ce yana da wani dafi da ido ba ya gani. Ba wari, ba hayaƙi."

Inna ta ajiye rariya. "Shi kwal ɗin fa?"

"Kamar gawayi yake."

"Gawayi na san shi. Tun ina yarinya nake hura shi, ga ni zaune. Abin da ba ya wari kuma ba ya hayaƙi, ta ina mutum zai kauce masa? Khalilu, kwal za ka."

Khalilu ya yi dariya. "Dama ni baƙi ne, Inna, ba wanda zai gane na yi datti."

"Rufe mini baki, ja'iri. Allah ya tsare."

Basiru maraya ne, ba mai zaɓa masa. Ya tafi ramin yuraniyom.

Abin da Khalilu ya riƙa aikowa shi ya riƙe gidanmu shekara da shekaru, har aka aurar da ni. Da ya dawo gaba ɗaya, ya dawo da tari. In ya tofar, baƙi ne. Mutumin da ke nome gona kafin azahar ya koma ba ya iya kai kunya ɗaya ƙarshe sai ya jingina da fartanya. A asibiti a Kano aka ce ƙurar kwal ce ta cika masa huhu, kuma ba ta fita. Ya rasu ana shirin shuka.

Basiru ya zo ta'aziyya cikin sabuwar riga, ya yi ƙiba. Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Kai da ka shiga cikin dafin, ga ka sumul."

"Kada ki duba jikina, Inna. Akwai waɗanda muka shiga tare, sun bar aiki lafiya lau, daga baya ciwo ya fito musu, ba wanda ya ce ga daga inda ya zo. Ni ma ban san abin da nake ɗauke da shi ba. Kuma wutar da ke juya injinanmu, daga kwal ɗin su Khalilu take zuwa."



Daminar nan ma ruwa ya ɗauke da wuri. Ƙanena Uwaisu, mai mata da 'ya'ya biyu, ya zo da Basiru, ya durƙusa a gaban Inna, ya ce zai bi shi, ya roƙe ta ta faɗa masa ramin da zai shiga.  Inna ta juya ga Basiru.

"Wanne ya fi kusa da gida?"

"Na kwal ne, Inna."

Ta rufe ido, ta ɗora hannu a kan Uwaisu.

"To, je ka can. In tari ya fara, kada ka jira a ɗauko ka. Ka taho da ƙafarka."