Lambar Wuyan Riga

A ɗakin ɗinkin nan kekuna ashirin ne, kuma kowace tela tana da lambarta da take ɗinkawa a cikin wuyan rigar da ta gama. Ranar Litinin manaja ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

"Ranar Juma'a zan rage mutum ɗaya. Wadda aka fi dawo da kayanta, ita ce."

To, daga nan fa aka daina aron almakashi. Gaisuwa ma sai da harara.

Doguwa ce hankalinta ya fi tashi. Idonta ya fara hazo, ɗinkinta yana karkacewa, ga miji kwance shekara biyu. Babu wanda ya san zancen idon sai ƙanwar mijinta, Shiru-shiru, da ke keken dama da ita. Ita ke zura mata zare a allura kullum, ba tare da kowa ya lura ba.

Ranar Laraba, da aka fita cin abinci, Doguwa ta ce kanta ke ciwo. Ta zauna ta farke lambobi, ta sa tata a rigunan Shiru-shiru, ta sa ta yarinyar a karkatattun nata.

Ranar Juma'a manaja ya watsa wa Shiru-shiru riguna a fuska.

"Wannan ɗinki ne ko tafiyar mashayi?"

"Ranka ya daɗe, ba hannuna ba ne."

"Lambar uban wa ce a wuya?"

Ta juya wuyan rigar, ta daɗe tana kallo, sannan ta waiga ta dubi Doguwa.

"Yaya, ke ma kin ce nawa ne?"

"Ni kika raina? Kowa ta ji da kwandonta!"

"Shi ke nan. Ki gaida Yayana, ki gaya masa da bakinki."

Ta ɗauki almakashinta ta fita. Ba wadda ta ɗaga kai, kowa murna take ba ita ba ce.

Sai manaja ya dire farin yadi a gaban Doguwa.

"Ashe ke ce gwanar ɗakin nan, kike ɓoyewa. Wannan na babban kwastoma ne. Fara, ina tsaye."

Ta lashi bakin zaren, ta kai shi allura, ya goce. Ta sake, ya goce. Hannunta ya miƙa dama kamar yadda ya saba, ya tarar da kujera ba kowa.

"Ke nake jira," in ji manaja.