Sitikar Baba Ummaru Ta Isa Maska

Baba Ummaru mai hoto ya binne sa'o'insa kaf a Funtuwa. Kwalara ta zo ta wuce shi. Motar auduga ta kife da shi a hanyar Malumfashi, ya fito yana karkaɗe riga. Ko ƙofar makarantar boko bai taɓa leƙawa ba, amma shi ya fara ɗaukar kansa hoto a garin: ya ɗaura zare a kyamara, ya zauna ya karkace hula, ya ja zaren da babban yatsan ƙafa.

Pius, ɗan maƙwabcinsa mai shagon buga sitika, ya ga hoton a bango.

"Baba, ba ni in buga. Samari na son tsohon yayi."

"Buga mana! Yanzu akwai mai irin wannan hancin a garin nan?"

Sitika ta fito baƙi da fari, ruwa ba ya cin ta. 'Yan acaɓa suka yi ta saye suna mannawa a tankin mashin. Abin da su biyun ba su tuna ba, a ƙasar nan in aka ga hoton dattijo baƙi da fari a jikin mashin, to addu'a ake nema masa, ya rasu ke nan.

Da sitika ta isa Maska, inda gonar Baba take, dangi suka yi salati. Awaisu, ɗan ƙanensa, bai tsaya tambaya ba. Ruwa na sauka ya kai shanu gonar.

Tsohuwa, ƙanwar Baba, ta zo ta'aziyya daga Maska, ta tarar da shi yana cin ɗumame.

"Yaya! Kai ne?"

"A'a, sitikar ce ke cin tuwo."

Da ta gama kuka ta ce, "Tashi, Awaisu na huɗe gonarka. In ya zuba iri, bana ta fi ƙarfinka. Ba a tuge wa mutum shuka."

"Ya gama huɗar?"

"Saura gefen rafi. Ya ce gobe zai ƙarasa."

"To wanke hannu ki ci. Yau nan za ki kwana, kar ki kai musu labari."

Kashegari Baba ya hau acaɓa da buhun irin masara zuwa Maska, ya zauna bayan tsamiya a gefen gonar har Awaisu ya fara kwance wa shanu garma. Sannan ya fito.

Igiya ta suɓuce wa Awaisu. "Baffa, ai an ce..."

"An ce me? Kai ka yi mini wanka? Ko da kai aka ɗauki makara?"

Awaisu ya sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Sai dai kunyar ƙarshen can ta karkace. Gyara ta."

Awaisu ya sake ɗaura garma. Baba Ummaru ya naɗe ƙafar wando, ya kama kunyar farko, ya soma shuka.