Dangwalin Malama Suwaiba

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, aka ɗauki 'yata ta fari aikin koyarwa a wata firamare da ke Nasarawo. Ɗaukar gwaji ce ta wata uku. In sufeton makarantu ya zo ya ga aikinta ya yi, ta zauna. In bai yi ba, ta dawo gida. Tun ranar da takardar ta iso hankalina bai kwanta ba, domin na san 'yar da na haifa.

Ba daƙiƙiya ba ce. Abin da aka karanta sau ɗaya a gabanta ta riƙe shi. Amma a aike ta sayen gishiri, sai a tarar da ita a wurin masu ɗinkin takalmi tana yi musu tambayoyi. Ta ɗora tuwo ta tafi rijiya, ta dawo da labari, guga yana can. Malamanta bakinsu ɗaya: kai akwai, zama babu. Ta sha rubutu, ta sha faɗa. Yanzu ga yara saba'in an danƙa mata.

Gyaran keke nake yi a Jekadafari, amma a ruga aka haife ni, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Shi ya sa da na fara ganinta da wata igiya ban tambaye ta ba. Kullum bayan la'asar takan zauna a tsakar gida da igiyar a cinya, tana ɗaure-ɗaure. Na gane ta sarai. Dangwali ne, igiyar nan mai zarge-zarge da ake jera maruƙa a jikinta, sai dai wannan gajere ne, zarge bakwai. Har warin garke yake yi.

Ranar da sufeto zai zo, na ga jakarta a bakin ƙofa, dangwalin ya leƙo. Na hango a raina mutumin boko da kwat da alƙalami, ya shiga aji ya tarar da igiyar shanu a kan teburin malama. Na ce zai rubuta cewa 'yar daji ce. Na zare shi na cusa cikin akwatin kayan aikina. Ita kuwa ta fito a makare kamar kullum, ta fizgi jakar ta wuce.

Zan fita shago na buɗe akwatin, sai uwarta Mairamu ta hango shi. Ta ajiye tsintsiya. A tsaye ta ba ni labarin da ya kamata in sani tun shekara biyar. Da yarinyar ta je hutu ruga wurin mahaifiyata, Goggo Joda, tsohuwar ta lura ba ta taɓa yin shirme a wurin tatsa ba, saboda maraƙi ɗaya ake saki, ya kama nono, a tatsi uwarsa, a mayar da shi, sannan a saki na gaba. Sai ta tufka mata ƙarami. Kowane zarge aiki ɗaya ne, da alamarsa ɗaure a ciki: makulli na kiran suna, tsakuwa ta lissafi, guntun alli na rubutu, haka har bakwai. Ba ta taɓa na biyu sai ta kwance na farko. Da shi ta ƙare kwalejin malamai.

"Malam, ba igiya ka ɗauke ba," in ji Mairamu. "Wuninta ka ɗauke gaba ɗaya."

Ban san yadda na isa Nasarawo ba. Na dai tuna manyan motocin siminti suna yi mini oda, ni kuwa ina taka keke, dangwalin a wuya. Motar sufeto tana gindin dogonyaro, an riga an fara. Ajin sabo ne, ba a sa wa tagogin ƙyaure ba, sai na laɓe a jikin ta baya.

Tana tafiya. Daga allo zuwa bango, daga bango zuwa allo, tsakanin yaran da ke zaune a ƙasa. Na duba teburinta, babu komai. Sai na ga bakin mayafinta yana reto da nauyi. Ƙulli ne a jere, irin yadda mata ke ƙulle goro, biyar sun rage, wuri biyu a yamutse inda aka kwance. Ashe da ta buɗe jaka ba ta ga dangwalin ba, sai ta tsinci tsakuwa da kara da alli a harabar makaranta ta ƙulle su a jikinta.

Kafin ta fara kowane darasi takan faɗa da ƙarfi abin da za a yi, yaran su maimaita mata. In an gama ta kwance ƙulli, ta ajiye abin da ke ciki a bakin allo, kowa ya miƙe ya yi tafi uku ya zauna. Yaran sun saba, har jira suke.

Ana cikin lissafi wata doguwar mota ta wuce da sababbin babura a jere. Maganarta ta tsaya a tsakiya. Na ga kanta ya bi motar, ƙafarta ta bi kanta har bakin ƙofa, ta fara gaya wa yaran daga Ikko aka taso, kwana nawa ake yi, ta ina ake ƙetare kogi. Rabin ajin ya miƙe. Sufeto ya sunkuya ya yi rubutu. Na san wannan tafiyar, shekara ashirin ina ganinta, kuma ban taɓa ganin an dawo daga ita ba sai da tsawa.

Hannunta ya sauka kan mayafi. Yatsunta suka sami ƙullin, suka matsa tsakuwar da ke ciki.

"Ba mu kwance wannan ba," ta ce. "A zauna. Shida a haɗa da uku."

Na dafa bango. Babu wanda ya kira ta, babu wanda ya daka mata tsawa. Ita ta tafi, ita ta kamo kanta ta dawo da shi, a gaban idona, kamar yadda makiyayi ke juyo da saniyar da ta nufi gonar mutane. Na fara tasbihi a zuci ban san na fara ba. Na tsaya nan har ƙulli na ƙarshe, rana ta cinye inuwar da nake ciki.

Sufeton, wani dogo mai suna Malam Cornelius, ya fito ya gan ni da igiya a wuya. Ya tambaya ko saniya ce ta ɓace mini. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ni ne uban malamar. Ya dube ni, ya dubi takardarsa. Ya ce sau biyu ta bar darasi ta bi wani abu, kuma ya rubuta hakan, ba zai ɓoye ba. Amma ya zaga makarantu tara a watan nan, wannan ne ajin farko da aka gama duk abin da aka tsara kafin ƙararrawa. Ya ce zai sa hannu ta zauna.

Da ya tafi ta fito, mayafin duk alli da ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan wuyana. Ba ta tambayi yadda aka yi dangwalin ya zo hannuna ba, ni ma ban iya faɗa ba.

"Baba, a ba ni," ta ce a hankali. "Gobe akwai takwas, sai na ƙara zarge."

Na cire shi da hannu biyu na miƙa mata.